Wa Ke Biyan Kuɗin Sharaɗi? Gatan Ciniki, Haƙƙin Ɗan Adam da Abin da Iyakar Bagudo ke Nunawa

Yau fiye da shekara hamsin ke nan da manyan ƙasashe suka fara rubuta wa kansu dokoki masu cewa duk ƙasar da ke son shigo da kayanta kasuwarsu cikin rangwame, dole ta kyautata wa mutanenta. Amurka ta yi nata, Tarayyar Turai ta yi nata, mu ma a Afirka ta Yamma mun yi namu a ƙarƙashin ECOWAS. Muhawarar da aka saba yi a kan irin waɗannan dokoki ta rabu gida biyu: masu ganin katsalandan ne ga 'yancin ƙasa, da masu ganin in ba a yi haka ba azzalumi zai ci riba biyu, ya danne talakawansa kuma ya sayar da kayansa da daraja. Akwai tambayar da ta riga waɗannan duka, wadda masu rubuta doka ba kasafai suke yi ba: ranar da aka zare gatan, aljihun wa zai huje? Abin da wannan maƙala ke son ta kafa shi ne sharaɗi yana halatta, kuma yana iya aiki, idan abin da aka janye yana hannun wanda ake son ya sauya hali. Idan kuwa asarar ta sauka a kan mutanen da aka ce dominsu aka gindaya sharaɗin, to dokar ta warware kanta da kanta. Na ɗauki ƙasar Bagudo a matsayin ma'auni, domin a can ake ganin wannan asara da ido.

Bagudo ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, a masarautar Gwandu, kuma kogin Kwara ya ratsa ta bayan ya baro ƙasar Nijar. Daga Tsamiya ana fuskantar Segbana ta Jamhuriyar Benin, daga Lolo ana fuskantar Madekali, tafiya kaɗan kuma sai Malanville da gadar da ta haɗa ta da Gaya ta Nijar. A arewa ga Kamba ta ƙaramar hukumar Dandi. Ƙasa uku ke nan a kusurwa ɗaya, mutanen kuma iri ɗaya ne: Dandawa, Zabarmawa, Kyangawa, Fulani da Hausawa, masu auratayya da juna, masu cin kasuwannin juna. Illo tsohuwar kasuwa ce tun zamanin da fatake ke ratsa Borgu su ɗauko goro daga Gwanja, ana kuma saukar da gishirin Foga. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla ranar 14 ga Yuni 1898 ita ta bar Illo a hannun Ingila, Nikki kuma a hannun Faransa. Wato ciniki ya girmi iyakar da ɗaruruwan shekaru. Wannan batu ne na asali ga hujjata, domin idan gwamnati ta ce ta janye wa wata gwamnati gatan ciniki a irin wannan wuri, abin da ta tsayar a zahiri shi ne abincin da mutane suka gada tun kafin a san gwamnatocin biyu.

Uwar irin waɗannan dokoki ita ce gyaran da Sanata Henry Jackson da ɗan majalisa Charles Vanik suka cusa a Dokar Ciniki ta Amurka ta 1974. Ta haramta ba wa ƙasashen gurguzu matsayin abokan ciniki na yau da kullum muddin suna hana mutanensu ƙaura, kuma Yahudawan Tarayyar Sobiyat ne abin nufi. Niyyar kyakkyawa ce, amma sakamakon farko ya zo a karkace. A 1973, lokacin da ake ta barazana ba a riga an sa hannu ba, kusan mutum 35,000 aka bari suka fita. A Janairun 1975 Mosko ta yi watsi da yarjejeniyar cinikin da ta ƙulla da Amurka a 1972, yawan masu fita a shekarar ya faɗo zuwa kusan 13,000. Ƙasa mai ji da kanta ta gwammace ta rasa kasuwa da a ce an tanƙwara ta a bainar jama'a. Shugaba Clinton ma ya gwada irin haka da ƙasar Sin a Mayun 1993, ya ɗaure rangwamen haraji da sharaɗin haƙƙin ɗan Adam, shekara ɗaya tak ya kwance, domin 'yan kasuwar Amurka ne suka fara kokawa. Darasin da ke nan shi ne sharaɗi ba ya daɗewa a kan mai ƙarfi. A kan marar ƙarfi yake tabbata, kuma yawancin marasa ƙarfin a nahiyarmu suke.

Dokar da ta fi shafar mu kai tsaye ita ce AGOA, wadda Clinton ya sa wa hannu ranar 18 ga Mayu 2000, aka kuma tsawaita ta a 2015 zuwa ƙarshen Satumbar 2025. Ta buɗe wa ƙasashen Afirka kudu da Sahara kasuwar Amurka ba tare da harajin kwastan ba a kan dubban kayayyaki, sashe na 104 kuma ya jera sharuɗɗa: bin doka, jam'iyyu da yawa, kare ma'aikata, nisantar mummunan take haƙƙi, da cire shingen da ke gaban kayan Amurka. Nijar sau biyu ana cire ta. Na farko a farkon 2010 saboda tazarcen Tandja Mamadou, na biyu ranar 1 ga Janairu 2024 bayan juyin mulkin Janar Abdourahamane Tchiani. A duka biyun ba a ga wata girgiza ba, domin Nijar ba ta taɓa sayar wa Amurka wani abin kirki ta wannan ƙofa ba. An ƙwace mata abin da ba ta riƙe. Tazarce kuwa sojojin Salou Djibo ne suka kawo ƙarshensa ranar 18 ga Fabrairu 2010. Inda cirewar ta yi zafi, sai mu duba wa ta ƙona. A Madagaska dubban masu ɗinki sun rasa aiki bayan cirewar 2010, shugabanta Andry Rajoelina kuma ya ci gaba da zama a kujera har farkon 2014. A Habasha, da aka cire a Janairun 2022 saboda ta'asar yaƙin Tigray, 'yan matan masana'antun Hawassa ne aka sallama, alhali ba su san inda aka yanke shawarar yaƙin ba. Ga kuma abin da ke rage wa dokar kwarjini: Chadi ba a cire ta ba duk da yadda Mahamat Idriss Déby ya karɓi mulki a Afrilun 2021, amma Ruwanda an dakatar mata da gatan tufafi a Yulin 2018 don kawai ta ƙara haraji a kan gwanjo.

Turai ta bi hanya mai kama da wannan, sai dai ta fi son yarjejeniya a kan dokar gefe ɗaya. Yarjejeniyar Lome ta huɗu ta 1989 ta ambaci haƙƙin ɗan Adam, gyaran 1995 ya mai da shi ginshiƙin da in an karya ana iya dakatar da hulɗa, sannan Yarjejeniyar Kwatano da aka sa wa hannu ranar 23 ga Yuni 2000 ta tanadi sashe na 96, wanda ya wajabta a zauna a tattauna kafin a ɗauki mataki. Wannan tanadi na zama kafin hukunci abu ne mai kyau. Amma 'yan Nijeriya ba su manta 1995 ba. Da gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba, an dakatar da mu daga ƙungiyar Commonwealth, Turai ta hana makamai da biza ta kuma tsayar da tallafi, amma ɗanyen mai bai daina tafiya ba ko na rana ɗaya, duk da kiran da Nelson Mandela ya yi. Abin da ke cika asusun mai mulki shi aka bari, domin masu hukuncin suna buƙatarsa.

Sharaɗin da ya iso Bagudo da ƙafarsa namu ne na gida. Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun fadar shugaban ƙasa suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka rufe iyakokin ƙasa da na sama, suka tsayar da duk wata hulɗar ciniki da ta kuɗi, suka daskarar da kadarorin Nijar a bankunan yankin, suka ba da wa'adin mako guda. A farkon Agusta Nijeriya ta yanke wutar lantarki, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi. A lura da hanyar wannan wuta: ruwan da ya baro Gaya ya ratsa ƙasar Bagudo, ya wuce Yauri, ya juya injinan Kainji, wutar kuma ta hau waya ta bi ta Birnin Kebbi ta koma Yamai. Zumunci ne da aka gina tun shekarun 1970, aka katse shi da umarni ɗaya. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, takunkumin da ECOWAS ɗin nan ta sa wa Mali ranar 9 ga Janairu 2022 ya ware abinci, magunguna, man fetur da lantarki. Sanarwar 30 ga Yuli ba ta ware ko ɗaya ba. Ƙungiyoyin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi ta kokawa cewa kayan abincin yara da magunguna sun maƙale a hanyar Kwatano. A Oktoba gwamnatin sojan ta zaftare kashi 40 cikin 100 na kasafin shekarar, kuma ba a buƙatar dogon bincike kafin a gane cewa ba daga barikin soja ake fara irin wannan tsimi ba.

Wanda ya san bakin iyaka ya san yadda rufewa take a jiki. Tirela ce cike da albasa a tsaye cikin damina. Bayan kwanaki buhunan ƙasa sun fara zubar da ruwa, na sama sun tsiro, wari ya riga ya gaya wa mai kaya cewa jarinsa ya tafi. Direba da yaron mota sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, mai shayi yana ba su bashi yana rubutawa a bayan kwali, har shi ma madararsa ta ƙare. Ɗan canji na zaune da damin sefa da na naira ɗaure da roba, ba mai tambayar farashi. 'Yan dako, 'yan kamasho, masu faci, mata masu tuwo, duk cinikinsu a jikin motsin motar nan yake. Da Benin ta toshe gadar Malanville, kaya ba su daina tafiya ba, hanya suka sake. Kwale-kwale suka karɓi aikin gada, manyan kaya suka koma Lome suna ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, wasu kuma suka karkato ta Segbana da Tsamiya suna neman Kamba. Kowace sabuwar hanya tana da sabon shinge, kowane shinge yana da kuɗinsa, kuma kuɗin a kan mudun shinkafa yake ƙarewa. Mai babban jari da ya san wanda zai kira a waya ya wuce, mai buhu biyar ya zauna a gida. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Za a iya cewa na haɗa abu biyu da ba ɗaya ba, domin janye rangwamen haraji daban, takunkumi daban. A kan takarda haka ne. Amma 'yancin zirga-zirga da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bayar, da sassaucin haraji tsakanin ƙasashen ECOWAS, gata ne na zama ɗan ƙungiya, Yarjejeniyar Dimokuraɗiyya da Kyakkyawan Shugabanci da aka sa wa hannu a Dakar a Disambar 2001 kuma ita ce sharaɗinsa. Tushen tunanin ɗaya ne: ka kiyaye haƙƙin mutanenka na zaɓen shugabanninsu, mu bar maka ƙofa a buɗe. Abin lura shi ne sashe na 45 na wannan yarjejeniya, da ya zo jera hukunci, gwamnati ya nufa: a ƙi mara wa 'yan takararta baya a ƙungiyoyin duniya, a daina yin tarukan ƙungiya a ƙasarta, a dakatar da ita daga zaurukan yanke shawara. Waɗanda suka rubuta shi sun san bambanci tsakanin gatan gwamnati da haƙƙin talaka. Shugabannin 2023 suka shafe wannan bambanci, suka yi hukuncin kan mai uwa da wabi. Da lauyoyin Nijar suka kai ƙara Kotun ECOWAS suna neman a sassauta, kotun ta ƙi a Disambar 2023 bisa cewa gwamnatin soja ba ta da hurumin tsayawa gabanta. Ta fuskar shari'a ana iya kare wannan matsayi, amma ma'anarsa ita ce mai albasa da marar lafiya ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

To me aka samu? Kotun nan ta ba da umarnin a saki Bazoum a tsakiyar Disambar 2023, ba a sake shi ba. Ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS. Ranar 24 ga Fabrairu, kwanaki kaɗan bayan roƙon Janar Yakubu Gowon, ana dab da azumi, aka ɗage takunkumin ba tare da an cika sharaɗi ko ɗaya ba, Nijeriya kuma ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris. Nijar ta ci gaba da toshe gadar Gaya daga nata gefen. A Nuwambar 2024 Hedikwatar Tsaron Nijeriya da kanta ta danganta ɓullar 'yan bindigar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi da lalacewar haɗin gwiwar tsaron iyaka bayan juyin mulkin. Binciken masana bai saɓa wa wannan ba. Gary Hufbauer da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na takunkumai ne ke cin nasara, Robert Pape ya sake duba misalansu 115 a 1997 ya ce biyar kawai suka cancanci sunan, Dursun Peksen kuma ya nuna a 2009 cewa takunkumi yakan ƙara taɓarɓarar da haƙƙin ɗan Adam a ƙasar da aka sa wa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk tsarin ya dogara ne a kan zaton cewa idan talaka ya ji jiki zai matsa wa mai mulki, mai mulki kuma zai saurara. Gwamnatin da ta hau da bindiga ita ce mafi ƙarancin saurare, kuma yunwar da aka jefa mutane a ciki ta ba ta abokin gaba na waje da za ta nuna musu.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kaina ita ce Afirka ta Kudu. Nijeriya na sahun gaba wajen neman a ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata, Majalisar Amurka kuma ta zartar da dokar takunkumi a 1986 duk da ƙin amincewar Shugaba Reagan, kuma baƙar fata sun sha wahalar wannan mataki. In an bi ma'aunina, ashe ba za a yi shi ba ke nan? Amsar tana cikin wanda ya nema. Albert Luthuli da jam'iyyar ANC su suka yi kiran a ƙaurace, daga baya ƙungiyoyin ƙwadago da Desmond Tutu suka ɗora. Waɗanda za su ɗauki nauyin su suka ce a ɗora musu. Na biyu, tattalin arzikin da aka matsa yana hannun fararen fata masu jefa ƙuri'a, masu bankuna da ma'adinai, waɗanda gwamnati ba ta iya toshe kunne daga gare su. Sharuɗɗan nan biyu babu ko ɗaya a Gaya ko Dosso, balle a Lolo da Tsamiya da ba su ma cikin rigimar. Sanatocin Arewa, sarakuna da malamai, har da tawagar da Sheikh Abdullahi Bala Lau ya jagoranta zuwa Yamai a Agustan 2023, duk sulhu suka nema. Akwai kuma masu cewa, bisa nazarin Daniel Drezner, nasarar sharaɗi a matakin barazana take faruwa, inda ba a ganinta. Na yarda, misalin 1973 ma ya nuna haka. Sai dai wannan yana ƙarfafa buƙatar hukunci mai hawa-hawa ne, domin wanda ya zazzage kwarinsa duka cikin kwana huɗu ba shi da sauran abin da zai yi barazana da shi.

Kada a ɗauka ina tare da masu cewa duk wani sharaɗi mulkin mallaka ne. Wannan magana tana da kasuwa a yanzu, kuma mun ga zafinta a Yulin 2024 lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan Yarjejeniyar Samoa, magajiyar ta Kwatano, har sai da Ministan Kasafi Sanata Abubakar Atiku Bagudu ya fito ya yi bayani. Damuwar jama'a a kan addininsu da tarbiyyarsu abin girmamawa ce, kuma haƙƙinsu ne su san abin da ake sa wa hannu da sunansu. Amma haƙƙin kada a tsare mutum ba shari'a, kada a azabtar da shi, kada a sa shi aikin tilas, ba baƙon kaya ba ne. Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981 tamu ce, Nijeriya kuma ta mai da ita dokar cikin gida a 1983. Mai kyauta yana da ikon ya ce ba zai saka wa zalunci da rangwame ba. Sashen ɗaukaka ƙara na Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ma ya amince a 2004, a ƙarar da Indiya ta kai Turai, cewa ana iya bambanta gata muddin ma'aunin a bayyane yake kuma a buɗe ga duk masu hali iri ɗaya. Son kan masu sharaɗi gaskiya ne, amma ba ya wanke wanda ya kulle ɗan jarida. Yawanci ma wanda ya fi ɗaga murya da sunan 'yancin ƙasa shi ne wanda ya fi tauye 'yancin 'yan ƙasar.

Inda sharaɗi ya yi aiki, siffarsa takan zama ɗaya. A 1999 Amurka ta ƙulla da Kambodiya cewa idan yanayin aiki a masana'antun tufafi ya inganta, za a ƙara mata yawan kayan da za ta shigar, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta riƙa shiga masana'antun tana dubawa tana wallafa rahoto. Mai masana'anta shi ne mai laifin, shi ne kuma mai cin ribar gyara. Swaziland ta rasa AGOA a Janairun 2015 a kan wasu tanade-tanade na dokokin ƙwadago da na taro waɗanda aka ambata mata ɗaya bayan ɗaya, ta gyara, aka mai da ita a 2018. Abin da aka nema ƙayyadajje ne, mai yiwuwa, kuma bai kai ga ce wa mai mulki ya sauka daga kujera ba. Emilie Hafner-Burton ta nuna cewa yarjejeniyoyin ciniki masu sharaɗi mai haƙori sun fi masu nasiha kawai tasiri, amma haƙorin sai ya san inda zai ciza. A ƙetaren Tsamiya akwai gwajin da ke jiran kowa. Arewacin Benin, daga Banikoara zuwa Kandi da Segbana, ƙasar auduga ce, kuma masana'antun Glo-Djigbé sun fara aika tufafi Amurka a 2023. Benin ɗin nan ce ta yi zaɓen majalisa a 2019 ba jam'iyyar adawa, ta kuma yanke wa Reckya Madougou shekara 20 da Joël Aïvo shekara 10 a Disambar 2021. Wanda ya ce a rufe wa audugar kasuwa don waɗannan, manomin Segbana ya hukunta. Wanda ya ce a yi shiru, ya ci amanar fursunonin. Tsakanin biyun akwai biza, da asusun ajiya a waje, da rancen da gwamnati ke nema, kuma waɗannan su ne a aljihun masu yanke shawara.

Al'ummarmu ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani. Kowane ɗalibin sira ya san ƙauracewar da Ƙuraishawa suka yi wa Banu Hashim har kusan shekara uku, ba saye ba sayarwa, har ana jin kukan yara daga bayan kwari saboda yunwa. An kuma san labarin Sumama ɗan Usal, shugaban Yamama, wanda bayan ya musulunta ya hana hatsi zuwa Makka. Wannan karon ƙarfi yana hannun masu gaskiya, waɗanda aka matsa kuma su ne azzaluman jiya. Duk da haka, da mutanen Makka suka kai kuka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa Sumama ya saki hatsin. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa ya isa ga irin wannan matsayi a sharhinsa na 8 a 1997, inda ya bayyana cewa mutanen ƙasa ba sa rasa haƙƙinsu na abinci da lafiya don laifin shugabanninsu.

Abin da ya rage shi ne aikin majalisarmu. Sashe na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana shugaban ƙasa shelanta yaƙi ko tura soja fagen fama a waje sai da yardar majalisa, shi ya sa Majalisar Dattawa ta iya taka wa batun tura soja Nijar birki a Agustan 2023. Amma rufe iyaka da yanke wuta, waɗanda suka taɓa miliyoyin mutane a ɓangarorin biyu, an yi su ba tare da an nemi ƙuri'ar kowa ba. Ana buƙatar dokar da za ta ce duk lokacin da Nijeriya za ta janye wa maƙwabciya gatan ciniki saboda take haƙƙi, sai gwamnati ta gabatar wa majalisa bayanin wanda asarar za ta faɗa wa, kuma bayanin ya haɗa da cinikin da ba ya shiga littafin kwastan, tunda shi ne mafi yawa a wuri irin Bagudo. Abinci, magani da lantarki su zama a waje da hukunci tun daga rubutun dokar. A fara da masu riƙe da madafun iko da dukiyarsu, a faɗi ƙarara abin da in an yi za a ɗage matakin, a kuma saurari sarakuna da ƙungiyoyin 'yan kasuwar bakin iyaka a garuruwansu kafin a sabunta shi. Mafi muhimmanci, matakin ya zo da ranar mutuwarsa. Mun riga mun ga abin da rashin wa'adi ke yi, ko da a rufewar da ba ta shafi haƙƙin ɗan Adam ba. A Agustan 2019 aka rufe iyakoki don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, a Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, har ya zama mai injin ban-ruwa a fadamar Kwara sai ya nemi mai a jarka da tsada kafin ya shayar da shinkafar da ake cewa ana karewa. A Disambar 2020 aka buɗe Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Kamba ta jira har Afrilun 2022, tare da Jibiya, Idiroko da Ikom. Tsamiya da Lolo ba su fito a jerin farko ba, ba su kuma fito a na biyu ba.